Fam Biliyan 12 da Ba a Faɗi Daga Jikin Wa Za a Yanka Ba: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Zaɓen Birtaniya na 2015

A ranar 26 ga Maris, 2015, saura mako shida a yi babban zaɓen Birtaniya, ɗan jarida Jeremy Paxman ya zaunar da Firaminista David Cameron a gaban kyamara. Tambayar farko da ya jefa masa ita ce ko ya san yawan cibiyoyin rabon abinci na sadaka da ke ƙasar a lokacin da ya hau mulki. Cameron bai kawo adadi ba, sai Paxman ya kawo masa: 66 ne a da, yanzu sun kai 421. Daga nan ya tambaye shi ko shi zai iya rayuwa da irin aikin nan da ba a yi wa ma'aikaci alkawarin ko awa ɗaya a mako, sai ranar da aka ga damar kiran sa. Cameron ya ɗan yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya amsa cewa ba zai iya ba.

Wanda ya saba jin Ingila a matsayin ƙasar da ake zuwa neman arziki zai iya tambaya, me ya kawo maganar yunwa cikin zaɓensu? A wancan zaɓe na ranar 7 ga Mayu, babu batun da ya taɓa tukunyar talaka kamar batun tallafin da gwamnati ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi, kuma babu batun da aka fi lulluɓe shi. An kwashe makonni ana musu kan wane ɗan takara ne ya fi kama da shugaba, alhali jam'iyya mai mulki ta ce za ta zabge fam biliyan 12 daga kuɗin tallafi, kuma har aka shiga rumfar zaɓe ba a san daga jikin wa za a yanke su ba. Zaɓen ya wuce da shekaru, amma da wuya a sami wanda ya fi shi nuna yadda ƙuri'a ke yanke wa talaka hukunci tun kafin a rubuta kasafin kuɗi.

Wane tallafi ake nufi?

Tushen tsarin yana cikin rahoton da William Beveridge ya miƙa wa gwamnati a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya lissafa abokan gaba biyar da ya ce dole ƙasa ta yaƙa bayan an ajiye bindiga: rashi, cuta, jahilci, ƙazantar muhalli da zaman banza. Gwamnatin jam'iyyar Labour ta Clement Attlee, wadda ta hau mulki a 1945, ita ta mayar da rahoton aiki, har ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, inda mutum ke ganin likita ba tare da an tambaye shi ko sisi ba. Ƙa'idar ita ce kowa ya zuba lokacin da yake da ƙarfi, ya ɗiba lokacin da ƙarfin ya gaza.

Zuwa 2015 abin da ake kashewa a kan tallafi da fansho ya kai wajen fam biliyan 220 a shekara. Kusan rabin wannan kuɗi tsofaffi 'yan fansho ne ke karɓa. Sauran ya rabu tsakanin taimakon kuɗin haya, da cikon da ake yi wa ma'aikata masu ƙaramin albashi, da kuɗin yara, da na naƙasassu da marasa lafiya. Alawus ɗin masu neman aiki, wanda shi ne aka fi yayatawa, bai kai kashi 3 cikin 100 na jimillar ba. Mutumin da ya kai shekara 25 kuma ba shi da aiki, fam 73 da ɗigo 10 yake samu a mako a wancan lokaci. Kada a yi saurin juya wannan zuwa naira ko sefa a ce ai ya yi yawa. Daga cikinsa zai ci abinci, ya biya wuta, ya biya gas ɗin ɗumama ɗaki a lokacin sanyin da ke iya kashe mutum, ya kuma hau mota zuwa neman aikin.

Talauci ma a can da ma'auninsa. Ana duba abin da gida matsakaici ke samu, duk gidan da bai kai kashi 60 cikin 100 na wannan ba, ana lissafa shi cikin matalauta. Da wannan ma'auni, alƙaluman gwamnati na shekarar 2013 zuwa 2014 sun nuna yara miliyan 2.3 na cikin talauci, idan kuwa aka fara cire kuɗin haya kafin a yi lissafi, adadin ya tashi zuwa miliyan 3.7. Ma'aunin yana da nasa rauni: idan samun gida matsakaici ya faɗi, layin talaucin ma sai ya sauko, sai takarda ta nuna matalauta sun ragu alhali babu wanda tukunyarsa ta ƙaru. Wannan ya faru bayan rikicin tattalin arzikin da za mu zo kansa yanzu, kuma ya bai wa kowane ɓangare damar ɗauko alƙaluman da suka yi masa daɗi.

Daga faɗuwar bankuna zuwa tsuke bakin aljihu

A watan Satumba na 2007 aka ga mutane sun yi dogon layi a ƙofar bankin Northern Rock suna cire kuɗinsu. Shekara guda bayan haka gwamnatin Labour ta Gordon Brown ta zuba biliyoyin fam don ceto manyan bankuna irin su RBS da Lloyds. Haraji ya ragu, marasa aiki suka ƙaru, giɓin kasafin kuɗi ya kai wajen kashi 10 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. A zaɓen 2010 babu jam'iyyar da ta sami rinjaye, sai Conservative ta Cameron ta haɗa gwamnati da Liberal Democrats ta Nick Clegg. George Osborne ya zama ministan kuɗi, Iain Duncan Smith ya karɓi ma'aikatar ayyuka da fansho, aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu.

Mafi yawan matakan da suka shafi talaka sun fara aiki ne a 2013. An taƙaita ƙarin da ake yi wa yawancin tallafin masu shekarun aiki zuwa kashi 1 cikin 100 a shekara, har tsawon shekara uku, ko da farashin kaya ya fi haka tashi. An sa iyaka cewa babu gidan marasa aiki da zai karɓi fiye da fam 26,000 a shekara, duk yawan yaransa, duk tsadar hayar garinsa. Sai kuma matakin da ya fi kowanne baƙin jini, wanda jama'a suka raɗa wa suna harajin ɗakin kwana. Wanda ke zaune a gidan hukuma kuma aka ga yana da ɗaki ɗaya fiye da buƙatarsa, za a rage masa kashi 14 cikin 100 na taimakon haya, in ɗaki biyu ne ko fiye, kashi 25. Hujjar gwamnati ita ce akwai iyalai a cunkushe suna jiran gida, bai kamata wani ya riƙe ɗaki a rufe ba. Matsalar ita ce ƙananan gidajen da ake so mutane su koma ba su wadata ba, don haka yawancinsu ba su tashi ba, sun dai ci gaba da zama ana cire musu kuɗi. Lissafin gwamnati da kanta ya nuna gidaje wajen 660,000 abin zai shafa, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu akwai naƙasasshe a ciki, irin wanda wataƙila a ɗakin nan yake ajiye keken guragu ko na'urar numfashi.

Akwai kuma horon dakatar da alawus, wanda aka tsananta a ƙarshen 2012. Mai neman aiki da ya makara zuwa ganawa da jami'i, ko aka ga bai nemi aiki yadda ake so ba, a wancan lokaci ana iya tsayar masa da kuɗi na mako huɗu, ko goma sha uku, har zuwa shekara uku ga wanda ya maimaita babban laifi. Marasa lafiya kuwa aka riƙa tura su gwaji don a tantance ko za su iya aiki, kuma da yawa daga waɗanda aka ce lafiyarsu ƙalau sun ɗaukaka ƙara sun yi nasara.

Duk wannan bai taɓa fanshon tsofaffi ba. Shi kulle uku aka yi masa: kowace shekara zai ƙaru da wanda ya fi yawa tsakanin hauhawar farashi, da ƙaruwar albashi, da kashi 2.5 cikin 100. Harajin ɗakin kwana ma bai hau kan 'yan fansho ba. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

Adalci ne a faɗi abin da gwamnati ta shiga zaɓe tana tinƙaho da shi, domin ba ƙarya ba ne. Rashin aiki ya sauko daga wajen kashi 8 cikin 100 zuwa wajen 5 da rabi. Giɓin kasafi ya ragu da kusan rabi idan aka auna shi da girman tattalin arziki. An ɗaga adadin kuɗin da mutum zai samu kafin a fara cire masa haraji daga fam 6,475 zuwa 10,600. Duncan Smith kuma yana da hujjar da ya yi imani da ita: tsohon tsarin ya cakuɗe har ta kai wani in ya karɓi ƙarin awannin aiki, abin da zai rasa na tallafi ya kusa cinye abin da ya samu. Shi ya sa ya ƙirƙiro Universal Credit don ya haɗe tallafi iri shida wuri guda.

Masu suka kuwa sai su ce, to wane irin aiki ne ya ƙaru? Albashi ya shafe shekaru yana bin bayan farashin kaya. Mutane kusan 700,000 ne babban aikinsu ya kasance irin wancan da ba shi da tabbacin awa. A ƙarshen 2013 gidauniyar Joseph Rowntree ta fitar da rahoton da ya nuna cewa daga cikin mutum miliyan 13 da ke cikin talauci, fiye da rabi suna zaune ne a gidajen da akwai mai zuwa aiki. Sannan ga ƙungiyar Trussell Trust, mai tushe a coci, wadda ta fi kowa yawan cibiyoyin rabon abinci. A shekarar 2010 zuwa 2011 ta raba ƙunshin abincin kwana uku wajen 61,000. A watan Afrilu na 2015, saura mako biyu zaɓe, ta sanar cewa na shekarar da ta ƙare ya haura miliyan ɗaya, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na masu zuwa, jinkirin biyan tallafi ko sauya shi ne ya kawo su. Magoya bayan gwamnati sun ce ƙunshi aka ƙirga, wasu sun zo fiye da sau ɗaya, kuma ƙungiyar ta yarda da hakan. Sun kuma ce cibiyoyin ne suka yawaita shi ya sa masu zuwa suka yawaita. Amma ba a shiga a ɗauka haka kawai, sai da takardar shaida daga likita ko jami'in jin daɗin jama'a ko makamancinsu, kuma ni ban ga yadda uwa za ta je ta miƙa wannan takarda a gaban baƙi ba in da akwai abin dafawa a gida.

Hoton da ke zukatan masu zaɓe

A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. A ƙarshen 2012 haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta sa kamfanin YouGov ya tambayi jama'a, a ganinsu kashi nawa na kuɗin tallafi ne ke tafiya ga marasa aiki. Matsakaicin amsa ya ce kashi 41. Gaskiyar ita ce kashi 3. Aka tambaye su nawa ake sacewa ta hanyar ƙarya, suka ce kashi 27, alhali ƙiyasin gwamnati bai kai kashi 1 ba. Ke nan mutane sun shiga musu da zafinsu a kan wani abu da ba haka yake ba.

Wannan hoto gina shi aka yi. A taron jam'iyyarsa na 2012, Osborne ya kwatanta ma'aikacin da ke fita da duhun asuba, ya ɗaga kai ya ga labulen maƙwabcinsa a sauke, yana ta sharar barci da kuɗin tallafi. Jaridu suka raba jama'a gida biyu, masu zufa da 'yan cima-zaune. A Janairun 2014 tashar Channel 4 ta fara wani shiri mai suna Benefits Street, wanda ta ɗauka a wani layi a birnin Birmingham, miliyoyi suka kalla, kuma da yawa suka ɗauka haka duk mai karɓar tallafi yake. Raba matalauta zuwa wanda ya cancanci taimako da wanda bai cancanta ba tsohon abu ne a Ingila. Dokar matalauta ta 1834 ta tanadi gidajen aikin ƙarfi da aka tsananta da gangan don kada kowa ya nemi shiga sai wanda ya rasa yadda zai yi.

Idan ka saurari masu zaɓe a wancan lokaci, za ka ji direban bas yana cewa shi yana tashi tun kafin gari ya waye, me zai sa harajinsa ya ciyar da wanda bai taɓa aiki ba? Fushinsa na gaske ne, kuma bai kamata a raina shi ba, domin albashinsa ya daɗe bai motsa ba. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne cikon albashin da ke shiga asusunsa duk wata, da kuɗin yaransa, da taimakon hayarsa, duk suna cikin abin da 'yan siyasa ke nufi idan suka ce za su rage tallafi. Ya ɗauka maƙwabcinsa za a aske, bai san shi ma an jiƙa masa kai ba.

Shugabannin da aka yi ta musu a kansu

A Birtaniya ba a zaɓen firaminista kai tsaye. Ƙasar ta kasu mazaɓu 650, a kowace mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a ko da guda ɗaya ce shi ne ɗan majalisa, kuma shugaban jam'iyyar da ta iya haɗa rinjaye shi ke kafa gwamnati. Irin tsarin da Najeriya ta bi ke nan a Jamhuriya ta Farko, lokacin da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake Firaminista kuma ɗan majalisa daga Bauchi. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne 'yan ƙasashe rainon Ingila da ke zaune can bisa ƙa'ida, har da 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru, suna da ikon jefa ƙuri'a a babban zaɓe, ko da yake da yawansu takardar zamansu ta hana su taɓa kuɗin tallafin da ake musu a kai.

Duk da cewa ɗan majalisa ake zaɓa, fuskar shugaba ake kallo. Cameron ɗan masu hali ne, ya yi makarantar Eton da jami'ar Oxford, kuma abin da aka fi jifan sa da shi shi ne bai san zafin rashi ba. Amma ƙuri'un jin ra'ayi sun riƙa nuna jama'a sun fi yarda da shi a kan riƙon tattalin arziki. Ed Miliband na Labour kuwa, tun da ya kayar da yayansa David a takarar shugabancin jam'iyya a 2010, wasu jaridu ba su bar shi ya huta ba. An yi ta yawo da hotonsa yana cin burodi a wani yanayi mara kyan gani, an yi surutu kan cewa gidansa kicin biyu ne, an yi dariyar wani dogon dutse da ya sa aka sassaƙa alkawuransa a jiki. Abin takaici ne a ce kicin ɗin ɗan takara ya fi samun fili a jarida a kan kicin ɗin gidajen da ke jiran ƙunshin sadaka.

Clegg ya shiga zaɓen da tabon da bai goge ba: ya sa hannu kafin zaɓen 2010 cewa zai ƙi ƙarin kuɗin jami'a, sai ga gwamnatin da yake mataimakin firaminista a cikinta ta ɗaga shi zuwa fam 9,000 a shekara. Nigel Farage na jam'iyyar UKIP ya ɗora laifin ƙuncin talaka a kan baƙi da Tarayyar Turai, ya kuma nemi a zabge mafi yawan kuɗin agajin da Birtaniya ke bai wa ƙasashen waje, wanda a lokacin wani ɓangarensa ke tafiya makarantu da asibitoci a Kano da Jigawa da Kaduna. A muhawarar shugabanni bakwai da tashar ITV ta shirya ranar 2 ga Afrilu, mata uku ne suka fito ƙarara suka ce a daina tsuke bakin aljihun gaba ɗaya: Nicola Sturgeon ta jam'iyyar SNP ta Sikotlan, da Leanne Wood ta Plaid Cymru daga Wales, da Natalie Bennett ta jam'iyyar masu kare muhalli.

Labour kuwa ta tsaya tsakiya tana ɗari-ɗari. Ta yi alkawarin soke harajin ɗakin kwana, da ɗaga mafi ƙarancin albashi daga fam 6 da rabi a awa zuwa fam 8, da mayar da harajin manyan masu samu zuwa kashi 50 bayan gwamnati ta sauke shi zuwa 45, da sa haraji kan gidajen da darajarsu ta wuce fam miliyan 2. Amma tana tsoron a kira ta jam'iyyar 'yan cima-zaune. Ta goyi bayan sa wa jimillar kuɗin tallafi iyaka a majalisa a 2014, kuma a Maris 2015 Rachel Reeves, mai magana da yawunta kan wannan fanni, ta shaida wa wata jarida cewa su ba jam'iyyar masu karɓar tallafi ba ce. Sakamakon haka, babu ɗaya daga manyan jam'iyyun biyu da ta tsaya ta gyara wa jama'a wancan gurɓataccen hoto.

Cinikin biri a sama

Takardar manufofin Conservative ta ce za a cike giɓi da fam biliyan 30: biliyan 13 daga ma'aikatu, biliyan 5 daga masu kauce wa haraji, biliyan 12 daga tallafi. Da aka nemi bayani, sai suka ambaci daskarar da tallafin masu shekarun aiki na shekara biyu, da sauke iyakar nan daga fam 26,000 zuwa 23,000, da hana matasa marasa aiki 'yan shekara 18 zuwa 21 taimakon haya. Cibiyar nazarin kasafin kuɗi ta IFS, wadda ba ta kowace jam'iyya ba ce, ta auna waɗannan ta ce ba su kai biliyan 2 ba. Saura fiye da biliyan 10 babu bayani. Tun da kuma an riga an yi alkawarin ba za a taɓa fansho ba, cibiyar ta yi gargaɗin cewa kuɗin ba su da inda za su fito sai daga cikon albashi, ko taimakon haya, ko kuɗin yara, ko na naƙasassu. An tambayi ministoci sau da yawa, amsarsu ɗaya ce: mun yi a baya, za mu sake yi, za ku ji bayan zaɓe.

Ranar 30 ga Afrilu, a birnin Leeds, BBC ta tsayar da Cameron da Miliband da Clegg ɗaya bayan ɗaya a gaban talakawa masu tambaya. Aka tambayi Cameron ko zai rage kuɗin yara da cikon da ake bai wa iyaye, ya ce ba ya son yin haka. Sai ya zaro wata takarda daga aljihu, kwafin ɗan saƙon da wani ministan Labour, Liam Byrne, ya bar wa magajinsa a 2010 yana cewa babu sauran kuɗi. Da Miliband ya hau, aka tambaye shi ko ya yarda gwamnatinsu ta yi almubazzaranci, ya ce a'a, zauren ya ɗauki gunaguni. Washegari maganar da ta fi yawo ita ce ta takardar, da tuntuɓen da Miliband ya yi wajen sauka daga dandamali.

Wa ya fita, wa ya zauna a gida

Masu ƙuri'ar jin ra'ayi sun yi ta cewa za a yi kankankan. Da ƙarfe goma na daren zaɓe hasashen farko ya nuna ba haka ba ne. Conservative ta tashi da kujera 331 da kusan kashi 37 cikin 100 na ƙuri'u, ta kafa gwamnati ita kaɗai. Labour ta sami 232. Jam'iyyar Clegg ta faɗo daga 57 zuwa 8. SNP ta kwashe 56 daga kujeru 59 na Sikotlan, ta bar wa Labour guda ɗaya tak a yankin da ta daɗe tana ɗauka gidanta ne. UKIP ta sami ƙuri'a kusan miliyan 4 amma kujera ɗaya. Kafin la'asar ɗin washegari Miliband da Clegg sun ajiye shugabanci.

Yanzu mu koma kan kulle ukun nan na fansho. Ƙiyasin kamfanin Ipsos MORI ya nuna cewa a cikin waɗanda suka kai shekara 65, wajen kashi 78 cikin 100 sun jefa ƙuri'a, a cikin 'yan shekara 18 zuwa 24 kuwa kashi 43 ne kawai. Masu gidan kansu sun fi 'yan haya fita nesa ba kusa ba, masu manyan ayyuka sun fi leburori. Ba ina cewa tsofaffi ba su cancanci kariya ba, sun cancanta, kuma talaucin tsufa a can ya taɓa yin muni. Amma idan ka jera sunayen waɗanda aka kare da waɗanda aka yanka, ka ɗora su kan jerin masu fita zaɓe da masu zama a gida, sai ka ga sun yi daidai da juna har abin ya ba ka tsoro. Mutumin da ke sauya gidan haya duk shekara sau da yawa sunansa ma ba ya cikin rajista. Wanda aka tsayar wa alawus kuma yana ganin duk kanwar ja ce, sai ya ƙi fita, rashin fitarsa kuma ya sa yankan sa ya zama mai arha a wurin ɗan siyasa.

Bayanin biliyan 12 ya fito ranar 8 ga Yuli, wata biyu bayan zaɓe. Daskarar da tallafi ta zama ta shekara huɗu maimakon biyu. Iyakar nan ta zama fam 23,000 a Landan, 20,000 a sauran ƙasar. An ce daga Afrilun 2017 ba za a ƙara bai wa iyali cikon kuɗi kan ɗa na uku da na bayansa ba, matakin da daga baya shugabannin Kirista da Musulmi da Yahudawa suka haɗu suka nemi a janye. An kuma yanke fiye da fam biliyan 4 daga cikon albashi, abin da zai sa gidaje wajen miliyan 3, galibinsu masu aiki, su rasa fiye da fam 1,000 a shekara. Osborne ya haɗa da ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa fam 7 da ɗigo 20 ga waɗanda suka kai shekara 25, amma IFS ta ce wannan ba zai cike ramin ba. A watan Oktoba wata uwa da ta ce Conservative ta zaɓa ta fashe da kuka a shirin BBC, tana gaya wa wata minista cewa ita mai aiki ce kuma da ƙyar take biyan haya.

Labour ta umarci 'yan majalisarta su ƙaurace wa ƙuri'a kan dokar tallafin, 48 suka bijire, cikinsu har da Jeremy Corbyn, wanda fushin 'yan jam'iyya ya taimaka ya ɗaga shi zuwa shugabanci a watan Satumba. Majalisar Lords, wadda ba zaɓen ta ake yi ba, ita ce ta taka wa yankan cikon albashin burki ranar 26 ga Oktoba, kuma wata guda bayan haka Osborne ya janye shi, ko da yake ya bar makamancinsa a cikin Universal Credit don ya fara aiki a hankali.

A Maris 2016 aka kawo kasafin da ya rage tallafin naƙasassu, ya kuma sassauta haraji ga masu hali. Kwana biyu bayan haka Iain Duncan Smith, mutumin da ya shekara shida yana jagorantar sauye-sauyen, ya ajiye muƙaminsa. A hirar da ya yi da BBC ranar Lahadin da ta biyo baya, ya ce abin ya fara kama da gwamnati na kallon tallafin masu shekarun aiki a matsayin asusun da za a yi ta ɗiba ba damuwa, saboda masu karɓar sa ba jam'iyya mai mulki suke zaɓa ba. Washegari wanda ya gaje shi ya tashi a majalisa ya sanar cewa an fasa rage kuɗin naƙasassun.